Kuɗin Iri ko Kuɗin Feshi? Tsaga Karan Tumatir Kafin Ka Zaɓa

A ƙarshen Fabrairu, hunturu ya fara sassautawa rana ta soma cizo, kawuna ya aiko a kira ni lambunsa da ke gefen dam ɗin Ajiwa. Tumatir ya ɗauki 'ya'ya, wasu har sun fara nuna. Amma kullum da azahar sai ka ga wasu gindin sun langaɓe, da la'asar sakaliya su miƙe kamar ba su ba. Bayan mako guda suka daina miƙewar. Ya riga ya yi feshi sau uku da wani magani da mai shago ya rantse masa a kai.

"Kai ɗan boko, duba min," in ji shi. "Maganin ne jabu, ko yaran ne ba su iya haɗi ba?"

Na ce, "Kawu, ara min wuƙarka."

Na tumɓuke gindi ɗaya. Ganyen ƙasa sun yi rawaya, amma a ɓangare ɗaya kawai na tsiron, har akwai reshen da rabinsa ɗorawa rabinsa kore shar. Na tsaga karan a tsaye daga wajen saiwa. Tsakiyarsa fari ne lafiya lau, amma ƙarƙashin ɓawo ga wasu layuka biyu masu launin ƙasa-ƙasa sun miƙe sama kamar an ja su da gawayi. Na yanki guntu na rataya a kofin gilashi mai ruwa, muka jira. Ba abin da ya zubo. Da cutar yaushi ta bakteriya ce, da mun ga wani farin zare kamar madara yana sauka a hankali. Wannan Fusariyam ce, fumfunar ƙasa. Maganin kawu ba jabu ba ne, an aike shi ne inda ba zai taɓa kaiwa ba.

Tun daga ranar nake son rubuta wannan, domin duk shekara mai noman rani yana tsayawa a gaban shago da kuɗi ƙididdigaggu: ya sayi iri mai tsada da aka ce yana da juriya, ko ya shuka irin da ya saba ya ajiye kuɗin don feshi? Amsar tana cikin yadda tsiron da kansa yake gane abokin gaba.

Tumatir ba ya gudu, ba shi da jini mai sojojin da ke yawo kamar namu. Kowace ƙwayar halitta a jikinsa ita ke tsaron kanta, kamar garin da kowane gida ke da ganuwarsa da mai gadinsa. A fatar kowace ƙwaya akwai wasu furotin da aikinsu shinshina ne kawai. Jikin fumfuna an gina shi da wani sinadari mai suna kaitin, irin wanda ke cikin ɓawon fara, kuma tsiro ba ya yin sa ko kaɗan. Saboda haka da zarar ɓurɓushinsa ya taɓa waɗannan masu gadi, sun san baƙo ya shigo. Cikin 'yan mintuna sinadarin kalsiyam ya kwarara cikin ƙwayar, ta fesa wasu sinadarai masu ƙuna, daga baya ta ƙara wa bangonta kauri, ta saki furotin masu narkar da kaitin. Ga kuma guba da take ajiye da ita tun asali, tomatin, wadda ta fi yawa a ganye da ɗanyen tumatir. Wannan tsaro kowane tumatir yana da shi, irin gida da irin kamfani, shi ya sa dubban fumfunan da ke cikin ƙasar fadama ba sa iya yi masa komai.

Waɗanda ke iya cinsa su ne waɗanda suka koyi rufe wa mai gadi ido. Fusariyam ta tumatir tana da furotin da ke farfasa gubar tomatin. Wata fumfuna mai kama ganye, Kiladosforiyam, ta fi ta wayo: tana sakin furotin mai suna Avr4 da ke lulluɓe jikinta kada a narkar da shi, da wani mai suna Ecp6 da ke bin ɓurɓushin kaitin yana tsincewa kafin mai gadi ya shinshina. Masu bincike a jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan ne suka gano wannan na biyun suka bayyana aikinsa a 2010. Ɓarawo ne da ke share sawunsa yana tafiya.

A nan ne kuɗin iri ke shigowa. Wasu tumatir suna da mai gadi na biyu, wanda ba kaitin yake nema ba, kayan aikin ɓarawon yake nema. Ya san fuska ɗaya tak, amma in ya gan ta ba ya kuskure. Wani Ba'amurke, Harold Flor, shi ya fara lura da wannan tsari a shekarun 1940 a kan wani tsiro daban: ga kowace ƙwayar gado ta juriya a jikin shuka, akwai takwararta a jikin cuta da take ganewa. In babu ɗaya daga cikin biyun, ba a gane kowa.

Tarihin Fusariyam da tumatir shi ne mafi kyawun misali, kuma shi ne ke rubuce a jikin gwangwanin irin da kake saya ba tare da ka sani ba. A 1939 masu bincike a Mizuri ta Amurka suka samo ƙwayar gado da suka kira I daga wani tumatirin daji na ƙasar Peru mai 'ya'ya ƙanana kamar magarya. Tana gane wani furotin na fumfunar mai suna Avr1. Da ta gane shi, sai tsiron ya yi sauri ya toshe jijiyar ruwan da fumfunar ta shiga, da danƙo da wasu kumburi da ƙwayoyin gefe ke turawa ciki, ya kulle ta wuri ɗaya tun tana saiwa. Tsiron da ba ya ganewa shi ma yana toshewa, amma a makare, bayan ta riga ta bazu, sai ya toshe jijiyoyinsa da yawa ya hana kansa ruwa. Wannan shi ne yaushin azahar da kawu ya gani, kuma layukan nan masu duhu a cikin kara tabon wannan makararren faɗa ne.

Fumfunar ba ta zauna ba. Wani jinsi nata ya yar da Avr1 gaba ɗaya, mai gadi ya rasa abin da zai gane. Shi ake kira jinsi na 2. Aka sake komawa daji aka samo I-2, wadda ke zaune a cikin ƙwaya ba a fatarta ba, tana jiran wani furotin mai suna Avr2. Wannan karon fumfunar ba ta iya yar da shi ba domin tana bukatarsa wajen cuta, sai ta sauya masa harafi ɗaya kawai, kamar mai laifin da ya aske gemu. Jinsi na 3 ke nan, an fara ganinsa a Ostireliya a 1978. Aka ɗauko I-3 daga wani ɗan uwan tumatir na daji mai koren 'ya'ya. Abin da ya fi ba ni mamaki a labarin nan shi ne abin da masu bincike a jami'ar Amsterdam suka nuna a 2008: Avr1 ɗin nan da jinsi na 1 ke ɗauke da shi, aikinsa shi ne kashe wa I-2 da I-3 ido. Wato in fumfunar ta riƙe shi, I ta kama ta, in ta yar, sauran biyun su kama ta. Shi ya sa irin da ya tara su ya fi ƙarfin wanda ke da ɗaya nesa ba kusa ba.

To yanzu juya gwangwanin. In ka ga F guda, juriya ce ga jinsi na 1 kawai. FF ko F2, jinsi na 1 da na 2. Kamfanonin Turai suna rubuta Fol sannan lamba, amma su daga sifili suke fara ƙirga, don haka Fol: 0,1 daidai yake da jinsi na 1 da na 2. HR na nufin juriya mai ƙarfi, IR matsakaiciya. Roma VF da UC82B, waɗanda suka daɗe a hannun manomanmu, F ɗinsu guda ne. Shi kuwa V na wata fumfunar yaushi ce, Batisiliyam, wadda ƙwayar gado Ve1 ke ganewa. Ta fi son ƙasa mai sanyi, don haka ni ba zan ƙara ko kwabo saboda V a ƙasar Katsina ba. Fusariyam ita ce tamu, domin ta fi jin daɗi idan zafin ƙasa ya kai wajen digiri 28, shi ya sa take ɓoyewa a Disamba da Janairu ta bayyana daidai lokacin da ka fara lissafin kwanduna.

A wannan cuta, feshi ihu ne bayan hari. Magungunan feshi irin su mankozeb da jan ƙarfe a saman ganye suke zama, ita kuwa tana cikin jijiya, ta saiwa ta shiga. Metalaksil, wanda ake yawan haɗawa da mankozeb a leda ɗaya, ba ma maganin fumfuna ta gaskiya ba ne, an yi shi ne don wani dangi daban, su Faitoftora, waɗanda bangon jikinsu ba na kaitin ba ne. Kuma Fusariyam tana yin wasu ƙwayoyi masu kaurin fata da ke kwana a ƙasa shekaru suna jira. Wanda ya ga layin nan a karansa bana, baɗi yana nan a fangalin, kuma ruwan da ke bi daga fangali zuwa fangali yana raba shi kyauta. Ga irin wannan gona, kuɗin iri ba almubazzaranci ba ne, shi ne kaɗai kuɗin da ke kaiwa inda cutar take.

Akwai wani harafi da nake so a lura da shi, N. Na tsutsar saiwa ne, waɗannan ƙananan da ido ba ya gani masu sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, kuma ƙasa mai yashi irin ta Daura da arewacin Katsina gidansu ce. Ba fumfuna ba ce, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: raunin da take yi wa saiwa yana sauƙaƙa wa Fusariyam, har iri mai F yakan raunana idan tsutsar ta yi yawa. Ƙwayar gadon da ke bayan N ɗin sunanta Mi-1, kuma tana da aibi guda da mai shago ba zai faɗa maka ba. Idan zafin ƙasa ya ɗore sama da digiri 28, sai ta daina aiki yadda ya kamata. Wanda ya yi dashe a Nuwamba zai mori N ɗinsa sosai. Wanda ya makara har tsironsa ya shiga bazara yana ƙarami, ya sayi mai gadin da ke barci da rana. Rufe gindi da ciyawa ko ƙaiƙayi yana rage zafin ƙasar.

Duk wannan na cutar da ke cikin kara ne. Idan ka tsaga ka ga fari tas, amma tsofaffin ganyen ƙasa suna da tabo masu duhu, zagaye cikin zagaye kamar faifai, gefensu rawaya, suna hawa sama har tsiron ya tsiraita rana ta ƙone 'ya'yan, to lissafin ya juye gaba ɗaya. Wannan Altanariya ce, kuma halinta daban.

Babban makamin mai gadi na biyu a ganye shi ne ƙunar baƙin wake: ƙwayar da ta gane baƙo sai ta kashe kanta da maƙwabtanta na kusa, don fumfunar ta rasa abinci. Wannan yana aiki a kan masu cin ɗanye, waɗanda sai ƙwaya tana raye suke iya tsotsa, kamar Kiladosforiyam, wadda a kanta aka fara ware ƙwayar gado Cf-9 a Ingila a 1994. Amma Altanariya mushe take ci. Da kanta take sakin guba ta kashe ganye sannan ta zauna a kai. Tsiron da ya ƙona rumbunsa don ya kore ta, gaba ta kai ta. Har ma hanyoyin kai saƙo biyu da tsiro ke amfani da su, ɗaya ta sinadarin salisilik don masu cin ɗanye, ɗaya ta jasmonik don masu cin mushe da ƙwari, sukan danne juna. Saboda haka babu wata ƙwayar gado guda da ke tsayar da wannan tabon ganye kamar yadda I-2 ke tsayar da Fusariyam. Juriyar da ake samu tarin ƙananan ƙwayoyin gado ce, kowacce da ɗan abin da take ƙarawa, kuma iyakarta ta rage gudun cutar. Duk wanda ya ce maka irinsa ba ya kama tabon ganye sam, talla yake yi.

Nan feshi yake da daraja, in an yi shi kafin ko da farkon fitowar tabo. Mai noman damina a wajen Ɗanja da Funtuwa, inda ganye ke kwana da ruwa, ya fi kowa bukata. Na rani a tsakiyar hunturu ganyensa a bushe yake, sau da yawa feshin da yake yi al'ada ce kawai, sai dai in yana watsa ruwa ta sama da yamma. Mankozeb yana da arha kuma yana bugun fumfuna a wurare da yawa lokaci guda, shi ya sa da wuya ta saba da shi, amma ruwan sama yana wanke shi kuma ba ya warkar da tabon da ya riga ya fito. Azoksistirobin da difenokonazol suna shiga cikin ganye, sun fi ƙarfi, amma kowannensu wuri ɗaya yake bugu: na farko numfashin fumfunar, na biyu sinadarin da take gina fatarta. Wuri ɗaya kuwa harafi ɗaya ke sauya shi, irin dai wasan da Fusariyam ta yi wa I-2, kuma an riga an ga Altanariya ta yi wa azoksistirobin haka a Amurka. Don haka a riƙa sauya su, kada a jera ɗaya sau uku. A cire ganyen ƙasa, a ɗaure tsiro a jikin sanda, kada a bar shi da yunwar taki yana ɗauke da 'ya'ya, domin tsoho mai yunwa ta fi kamawa. Kuma a rufe hanci da jiki, a kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka. Na ga yara suna gauraya magani da hannu a bokiti, abin ba daɗin gani.

Sharon kuma, wadda ta share gonaki a 2016, tsutsar wani ƙaramin ƙwaro ce mai kama da malam-buɗe-littafi, ba F ba mankozeb da ke taɓa ta. Kuɗinta daban ne, a ware shi daban.

Saura maganar ajiye iri, inda kawu ya fi yi min gardama. "Ubanmu bai taɓa sayen iri ba," in ji shi, kuma gaskiya ne. Tumatir yawanci kansa yake yi wa barbara, don haka Roma VF ko UC82B na asali, in ka matse irinsu daga lafiyayyen gindi, 'ya'yan za su gaji F ɗinsu. Matsalar ita ce bayan shekaru ana karɓa hannu zuwa hannu, ana haɗawa a wajen shanya kauɗa, ba wanda zai iya rantsewa abin da ke cikin ƙullin. Iri mai alamar F1 kuwa labarinsa daban, wannan F ɗin ba na Fusariyam ba ne. Iyaye biyu aka haɗa, kuma sau da yawa juriyar daga ɗaya kawai ta fito. In ka ajiye irinsa, kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan za su fito ba mai gadin. In juriya biyu ce da ba a manne suke da juna ba, tara cikin goma sha shida ne kawai za su riƙe duka biyun. A gona mai tsabta ba za ka lura ba. A gonar da ke da Fusariyam za ka ga giɓi nan da can ka ce kamfani ya cuce ka. Wanda zai ajiye iri, ya jiƙa shi a ruwa mai zafin digiri 50 na minti 25 sannan ya shanya, domin wasu cututtukan a jikin iri suke tafiya, amma sai da ma'aunin zafi, in ya wuce ka dafa shi. Bedin reno kuma kada a yi shi da ƙasar tsohon fangalin tumatir. Irin da ya fi kowane tsada, in aka rene shi a gurɓatacciyar ƙasa, da ciwo ake dasa shi.

Akwai hanya ta uku da ba mu cika yi ba, aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro. A yanke kan tumatirin da kasuwa ke so a ɗora a kan gindin wani mai juriya, ko na yalo, domin Fusariyam ta tumatir tumatir kawai take ci. Cibiyar binciken kayan lambu ta duniya da ke Taiwan ta daɗe tana koyar da wannan. Yana bukatar reza, ɗan bututun roba, da inuwa mai laima na wajen mako guda kafin ya kama. Ga mai eka biyu aiki ne da ba zai yiwu ba, amma mai ɗan lambu a bayan gida a Daura, wanda ba shi da wata ƙasar da zai koma, zai iya gwadawa.

Taki ma yana da hannu. Fusariyam ta fi tsananta a ƙasa mai tsami da kuma inda aka cika yuriya da takin amoniya, tana raguwa idan tsamin ƙasa ya daidaita tsakanin 6.5 da 7 a ma'aunin tsami (pH). Malamin gona na KTARDA, hukumar raya aikin gona ta jihar Katsina, zai iya nuna inda ake auna ƙasa, kuma in ana son tabbatar da cutar, akwai IAR, cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru a Zariya.

Abin da muka yi a lambun kawu ke nan. Gindin da suka mutu muka tumɓuke muka ƙone a waje, ba a ba dabbobi ba, ba a zuba a taki ba. Fangalan da suka fi lalacewa ya ce albasa zai sa musu, bayan ta masara, shekara uku ko huɗu ba tumatir. Muka juya hanyar ruwa yadda zai fara da fangalai masu lafiya ya ƙare a masu ciwon. Bai yarda ya zuba duk kuɗinsa a sabon iri ba, ni ma ban matsa ba, domin juriya ba ita kaɗai ake saya ba: sai tumatir ya yi tauri ya jure kwando da hanyar Legas dillali zai kalle shi. Ya sayi ƙaramar leda ɗaya mai Fol: 0,1 da N, ya ce zai dasa fangali biyar kusa da fangali biyar na tsohon irinsa, a wuri guda da ruwa guda, kuma a farkon Nuwamba, ba a ƙarshen Disamba kamar bana ba. Ragowar maganin feshin ya ɗaure bakin ledar ya rataya a rumfa, ya ce na damina ne.